Filin Likitan Dabbobi: Kunkurun Ruwa a Gidajen Sakkwato

Tun da damina ta kankama wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka sauya. A watannin baya tambayar ragon layya ce da murar kaji, yanzu kuwa kunkuru ne. Dalilin a bayyane yake. Da ruwa ya jiƙa fadama, kunkurun ruwan da ya kwashe rani yana kwance cikin laka sai ya fito, ya ratsa hanya yana neman kududdufi, yara su tsince shi. Na ware wasiƙu shida, na gajarta wasu saboda fili.

*

Assalamu alaikum Likita, da fatan ana lafiya, ya ƙoƙari? Yarona ɗan shekara 11 ya je wajen kawunsa a Kwalkwalawa ya dawo mini da ɗan kunkuru cikin leda, girmansa bai wuce tafin hannuna ba. Mun sa shi a bokitin fenti da ruwa, muna jefa masa tuwo da burodi, amma yau kwana 9 bai ci komai ba. Kafin yamma ruwan ya yi wari, shi kansa in an ɗauke shi wani ɗoyi yake saki. Yaron ya ƙwallafa rai a kansa. Yaya za mu yi?

Maman yara, Mabera

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai ki ɗauko shi ki duba ƙafafunsa. Idan kika ga fata tsakanin yatsun, ƙafar a baje take, ƙwaryar bayansa kuma ba ta da tudu sosai, to na ruwa ne. Idan ƙafafun dunƙulallu ne masu kaushi, ƙwaryar ta yi tozo, na tudu ne, ki cire shi daga bokitin nan yanzun nan, domin ɗan kunkurun tudu ba ya iyo, nutsewa yake ya mutu. Tun da naku ya kai kwana 9 a ruwa yana nan da rai, kuma yana sakin wari, na fi zaton na ruwa ne, irin wanda in ya tsorata ba ya janye kai ciki kai tsaye, lanƙwasa wuya yake gefe guda ya kwantar da kan ƙarƙashin bakin ƙwarya. Masana suna kiran wannan dangi Pelomedusa. Akwai ɗan'uwansa Pelusios, wanda gaban ƙwaryar cikinsa ke da gaɓa, tana ɗagowa ta rufe. Duka biyun 'yan ƙasa ne a fadamun Gulbin Rima, kuma kulawarsu kusan ɗaya ce. Warin da yake saki makaminsa ne, daga wasu 'yan jakunkuna a gefen jikinsa yake fitowa, yana raguwa in ya saba da mutane.

Maganar tuwo da burodi a bar ta. Wannan dabba maciyar nama ce. A daji tana cin tana, da dodon koɗi, da 'ya'yan kwaɗi, da ƙananan kifi, da mushe in ta samu. A wasu sassan Afirka an sha ganinta tana cire kaska daga jikin ɓauna da mugun dawa in sun shiga tafki, har kurciyar da ta zo shan ruwa takan fizga. Tuwon da kuke jefawa ruɓewa yake a ƙasan bokiti, shi ne warin ruwan. Ki sa yaron ya haƙo tana a bakin kwata mai tsabta ko gindin bishiya mai laima, ya kamo fara da gyare, in shinge ya fito bayan ruwan dare ya tara masa. Ƙananan karfasa gaba ɗaya da ƙashinsu sun fi tsokar nama zalla, domin a ƙashin ne yake samun abin gina ƙwarya. A cikin ruwa za a ba shi, don ba ya iya haɗiya a tudu. Kyankyason gida kuwa kada a ba shi, ba a san wanda ya bi ta kan piya-piya ba.

Shawarata ta gaskiya, Hajiya, ita ce a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Kwana 9 ba su ɓata komai ba, kun san wurin, kuma bai gauraya da wani kunkuru ba. Ki sa kawun ya raka yaron, ya sake shi da hannunsa a bakin ruwa. Dabba ce da ke shekara 20 ko fiye, yaron zai tafi makarantar kwana, ya tafi jami'a, ke za a bar wa aikin. Kin san hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Bokitin fenti a lungun ɗaki bai yi nisa da wannan ba.

Idan kun dage sai an riƙe shi, to a yi masa gida. Ma'aunin da masu kiwon kunkurun ruwa suke bi shi ne kimanin lita 15 na ruwa ga kowace santimita ɗaya ta tsawon ƙwarya. Mai girman tafin hannu, a ce santimita 10, yana son lita 150, wato jarka 6 masu lita 25. Na san za ki riƙe baki, ga yadda ruwa yake a Mabera. Amma ruwa mai yawa ya fi sauƙin riƙewa, ba ya saurin ɓaci, ba ya saurin zafi. Rabin tankin roba ya isa, ko babbar robar wanka, ko a sa magini ya yi ɗan tafkin siminti irin na masu kiwon tarwaɗa. In siminti ne sabo, a cika shi a zubar, a cika a zubar, har mako biyu kafin a sa dabba, don kaifin siminti yana ƙona fata da ido. Duron da ya taɓa ɗaukar man fetur ko maganin feshi ba ya wankuwa, kada a yi amfani da shi.

Zurfin ruwa ya kai tsawon ƙwaryarsa sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu, yadda in ya kife zai iya juyowa. Irin namu na nan ya fi son tafiya a ƙasan ruwa da yin iyo mai nisa, saboda haka a sa masa duwatsu manya ko bulo hawa-hawa da zai taka ya miƙo hanci. Sai abin da kusan kowa ke mantawa: tudu. Dole ya samu wurin da zai hau ya bushe ƙarƙaf, har cikinsa, ya sha rana. Bulo ɗaya da ya ɗara ruwa da ɗan katako a jingine ya wadatar. A kifa masa fasasshiyar tukunyar ƙasa a cikin ruwa ya riƙa ɓuya, a jefa kainuwa a sama ta yi masa inuwa. Ƙananan tsakuwa kada a zuba, haɗiye su yake su toshe masa hanji.

Inda za a ajiye shi nan ne Sakkwato take da nata hukunci. Ruwan da ya fi masa daɗi shi ne mai zafin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyos. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu iska kanta tana haura 40. Daron ƙarfe da ruwa kaɗan a tsakar gida da azahar, tukunya ce kan murhu. Ki nemi gefen gabas na gida, inda hantsi ke sauka zuwa wajen ƙarfe 10 ko 11, daga nan inuwar bango ko rumfar zana ta rufe. Ko a lokacin da rana ke kai, rabin ruwan ya kasance a inuwa. Nawa tafkin yana gindin dogon yaro ne, aikinsa kawai kwashe ganye kowace safiya. A rufe saman da ragar waya, saboda shirwa da hankaka da gafiya, kuma saboda shi kansa gwanin hawa ne fiye da yadda ake zato.

Ruwan rijiya ko burtsatse ya yi. Na famfo a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba, maganin da ake sa masa ya fice. Kowane kwana 2 ko 3 a kwashe kashi ɗaya cikin uku a ƙara sabo. In ana ba shi abinci a wata roba daban, a bar shi ya ci ya yi kashi kafin a mayar da shi, ruwan gidansa zai daɗe bai ɓaci ba. Ba Omo, ba Dettol, ba Izal, buroshi da ruwa zalla. In aka yi haka, aka kuma rage ɗaukarsa a hannu, cikin 'yan kwanaki za ki ga ya fara kai wa tana cafka.

*

Likita barka da aiki. Na sayo 'yan kunkuru biyu a Abuja, koraye masu jan zane bayan ido, tare da akwatin gilashi. Mai shagon ya ce ba sa girma. Suna falo kusa da taga. Yanzu wata 5, ɗaya idanunsa sun kumbura sun rufe, ɗayan kuma in na danna bayansa yana lotsawa. Abincin gwangwani nake ba su, busasshen jatan lande.

Wani matashi, Arkilla

Ɗana, mai shagon nan ya sayar maka da magana. Abin da ke falonka kunkurun Amurka ne mai jan kunne, asalinsa kwarin kogin Misisifi da kewaye, sunansa a wurin masana Trachemys scripta elegans. Shi ne kunkurun da aka fi fatauci a duniya. Mace takan kai santimita 25 zuwa 30, namiji bai kai haka ba, kuma in an kula da su suna shekara 20 zuwa 30, wasu su wuce. Ka auna da lissafin da na ba Hajiya a sama: mace ɗaya babba tana son kusan lita 400. Kai kuma biyu gare ka. Waɗanda ake cewa ba sa girma, mutuwa suke kafin su girma.

Lotsawar ƙwarya rashin rana ce da rashin sinadarin kalsiyam. A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, ana ce masa UVB, shi ne ke sa fatar kunkuru ta haɗa bitamin D3, shi kuma bitamin ɗin ne ke sa jiki ya ɗauki kalsiyam daga abinci. Gilashin taga yana tare wannan kaso kusan gaba ɗaya. Kenan suna ganin rana, ba sa shan ta. A ƙasashen sanyi mutane suna kashe kuɗi su sayi ƙwan fitila na musamman, su riƙa sauya shi duk bayan wata 6 zuwa shekara, don ƙarfinsa yana ƙarewa ko da yana ci. Mu da Allah ya hore wa rana, ga kuma halin wutar Nepa, ban ga dalilin wannan wahala ba. Ka fitar da su waje su sha hantsi kullum, da sharaɗi ɗaya mai girma: ba cikin akwatin gilashin ba. Gilashi yana tara zafi, ɗan lokaci kaɗan ya isa ya kashe su. Roba mai faɗi, da tudu, da inuwa a gefe, da raga a sama.

Sabon ƙyanƙyasa dama ƙwaryarsa tana da ɗan taushi, amma bayan wata 5 a hannunka ya kamata a ce ta fara tauri. Ka dafa ɓawon ƙwai, ka shanya, ka daka ya yi laushi, ka riƙa barbaɗawa a kan abinci mai laima sau 2 a mako. Ka ƙara da ƙananan kifi da ƙashinsu.

Kumburin ido kuwa abu biyu ke yawan kawo shi, dattin ruwa da ƙarancin bitamin A, kuma ina zargin duka biyun sun haɗu a wurinka. Busasshen jatan lande abin marmari ne, ba ya riƙe jiki. Bambancin mai jan kunne da namu na gida shi ne yana cin ganye, kuma yana ƙara son ganye in yana girma. Ka ba su ganyen zogale, da kainuwa, da karas da kabewa a goge. Alayyafo kaɗan-kaɗan, don yana hana jiki ɗaukar kalsiyam in ya yi yawa. Abincin tarwaɗa na buhu za su ci, amma maiƙonsa ya yi yawa, kada ya zama na kullum. Ƙanana a ba su sau ɗaya a yini, abin da bai wuce girman kansu ba. Manya duk bayan kwana 2 ko 3. Za su riƙa bin ka da ido suna roƙo ko yanzu suka ci, kada ka biye musu.

Mai rufaffen idon ba zai jira gyaran abinci ba, domin wanda ba ya gani ba ya ci. Ka ware shi, ka kai shi asibitin koyarwa na likitan dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani likitan dabbobi da ka yarda da shi. Kada ka yarda wani mai kemis ya yi masa allurar bitamin A da ka, in ta yi yawa fatarsa saɓulewa take. Ka kuma lura ko yana iyo a karkace, ko yana fitar da kumfa ta hanci, ko yana buɗe baki yana numfashi. Waɗannan alamun ciwon huhu ne, ka gaya wa likitan.

Abu ɗaya nake roƙonka. Ranar da suka yi maka girma, ko ka gaji, kada ka kai su Gulbin Rima ko tafkin Kware ka ce ka 'yanta su. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa wannan kunkuru cikin jerin baƙin halittu 100 mafi ɓarna, saboda duk inda aka sake shi yana ƙwace wa 'yan ƙasa abinci da wurin shan rana. Tarayyar Turai ta hana shigo da shi tun 1997. Ka nemi wanda zai karɓa ya riƙe a gida.

*

Salam Likita. Kakanmu ya ce a da ana jefa kunkuru a rijiya ya cinye ƙwari ya tsabtace ruwa. Mun samu ɗaya, za mu iya sawa a rijiyar gidanmu? Ita muke sha.

Ɗalibi, Bodinga

A'a. A gaida Baba, ba ƙarya ya yi ba, kunkuru yana cin tsutsar sauro da ƙwarin da suka faɗa. Sai dai abin da ya ci a nan zai kasayar da shi. Kunkuru, ko mai cikakkiyar lafiya, yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsa, ba ta yi masa komai, mu kuwa tana sa mu gudawa da amai da zazzaɓi. Dangin ƙwayar taifot ce, ko da yake ita ta taifot daga mutum zuwa mutum take yawo. Saboda yaran da suka riƙa kamuwa ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da kunkurun da ƙwaryarsa ba ta kai inci 4 ba, tun 1975, kuma dokar tana nan. Shi ma kunkurun zaluntarsa za a yi, rijiya ba rana, ba tudu, in ya mutu a ciki kuma sai an yashe ta.

Wannan jan kunne na duk masu kunkuru ne. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi ko ruwansa. Kada a wanke robarsa inda ake wanke-wanke, kada a sa kofin randa wajen kwashe ruwansa, kada a zuba ruwan a kan latas ko tumatir da za a ci ɗanye. A zuba wa bishiya. Gidan da ke da yaro ƙasa da shekara 5, ko mai juna biyu, ko tsoho mai rauni, na fi son a haƙura da kiwonsa.

*

Ranka ya daɗe Likita. Nawa yawan gudu gare shi, sai wani ya ce in huda gefen ƙwaryar in ɗaure da igiya. Kuma na ga matsattsaku biyu a hammatarsa. Ina da ragowar allurar Ivomec ta awakina, in ɗan yi masa?

Makiyayi, Wamakko

Malam, don Allah ajiye sirinjin nan. Ivamektin, wato maganin da ke cikin Ivomec da 'yan'uwansa, alheri ne ga akuya da saniya, amma guba ne ga kunkuru, na ruwa da na tudu. Yana shiga ƙwaƙwalwarsa ya shanye masa jiki, ya kasa numfashi. Ɗigo kaɗan ya isa. Duk likitan dabbobin da ya san aikinsa ba ya kusantar kunkuru da shi. Matsattsaku biyu ba su kai a yi allura ba. Ka fitar da shi daga ruwa, ka ɗiga wa kowannensu gishiri a jiki, ka kiyaye idon kunkurun, za su saki da kansu. Ka ɗauraye shi, ka goge wurin da ruwan aidin da aka surka da ruwa sosai, ka bar shi ya bushe na awa ɗaya.

Huda ƙwarya kuma, mutane suna ɗaukarta kamar wani abu ne da ya saka a jiki. Ƙashinsa ne. Haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe suka zama ita, akwai jini a ciki, akwai jijiya, yana jin zafi. Ramin da ka huda ƙofa ce ga ruɓewar ƙwarya, ciwon da ke farawa da farin tabo mai taushi da wari, ya ci har ciki, ya ɗauki watanni ana jinya. Haka shafa masa fenti don ado ko shaida. In yana gudu, ka tambayi abin da yake nema. Galibi ruwan ne ya ƙazantu, ko ya yi zafi, ko wurin ya yi masa kaɗan, ko kuwa mace ce tana neman inda za ta yi ƙwai. Ka ƙara tsawon bangon, ka sa raga.

*

Likita ina wuni. Tawa ta shekara 4 a hannuna ita kaɗai. Bara da hunturu ta daina ci, daga baya ta ɓace, sai da aka yi ruwan farko muka gan ta tana fitowa daga ƙasa a gindin randa. Bana kuma na tsinci ƙwai 3 a cikin ruwanta, alhali ba namiji. Mutanen gida sun fara cewa ba kunkuru ba ce.

Malama, Runjin Sambo

Malama, kunkuru ce, ki kwantar da hankalin mutanen gida. Duk abin da kika lissafa halinta ne. Jikinta ba ya haɗa ɗumin kansa, zafin wurin da take shi ne zafinta. A Disamba da Janairu, da iskar hunturu ta taso, daren Sakkwato yakan sauko wajen digiri 15, ruwan roba kuma ya fi haka jin sanyi da asuba. Da ruwa ya yi ƙasa da 20 cikinta ya rage aiki, sai ta ƙi abinci. A daji ma lokacin ne kududdufai ke ƙafewa, sai irin nata su tona laka su kwanta har damina. Gindin randa shi ne wuri mafi laima a gidanki, ta zaɓa daidai.

Bana kina da zaɓi biyu. In tana da ƙiba da lafiya, ki tanadar mata akwati ko wani lungu mai kewaye da yashi haɗe da ƙasa, zurfin kamu ɗaya ko fiye, a inuwa, ki riƙa yayyafa ruwa kada ya bushe ƙamas, ki bar mata hanyar komawa ruwa in ta so. Ki kiyaye ta daga ɓera da tururuwa. In kuwa ramammiya ce ko tana da ciwo, kada a bar ta ta kwanta. A shigar da robar ɗaki da dare, a rufe da buhu, a surka ruwan da ɗan ɗumi da safe, a fitar da ita rana da hantsi. Kada a matsa mata da abinci ranar da ruwa ke da sanyi, abin da ta ci bai narke ba ruɓewa yake a ciki.

Ƙwai kuwa, mace baliga tana yi ko ba namiji, sai dai ba ya ƙyanƙyashewa. Abin da ya dame ni shi ne a ruwa ta zubar. Alama ce ta rasa wurin haƙa, kuma irin nata sukan yi fiye da 10 a zama ɗaya, don haka mai yiwuwa saura suna ciki. Ki ba ta wannan yashi mai laima yanzu, wurin da ba hayaniya, musamman da yamma. In ta yi kwanaki tana kai-kawo, tana tona da ƙafafun baya tana bari, ba ta ci, ko ƙafafun bayan sun yi rauni, ƙwai ne ya maƙale. Kada a danna mata ciki. Likita zai ɗauki hoto ya ga adadinsu, akwai allurar da ke taimaka mata.

Tun da wasu za su tambaya: namiji ana gane shi da doguwar wutsiya mai kauri, ƙwaryar cikinsa kuma ta ɗan lotsa. Mace wutsiyarta gajera ce, cikinta a shafe. Ba na ba ki shawarar nemo mata miji. Kunkuru ba ya kewa, biyu a wuri ɗaya cizon juna suke, in kuma aka samu 'ya'ya goma sha, ina za ki kai su?

*

Likita, wani masunci a Goronyo ya ba ni ƙaramar kififiya, mai laushin baya da dogon hanci. Ya ce mini, "Wagga ba ta da wahala, ruwa kawai taka so." Zan iya haɗa ta da kifayena a tanki?

Mai kiwon kifi, Gidan Igwai

Za ka iya, in ka gaji da kifayen. Alhaji, kififiya mafarauciya ce, kwanciya take cikin yashi ta bar hanci a waje, kifi ya gifta ta fizge shi. 'Yan tarwaɗarka za su riƙa raguwa kana zargin yaran gida. Wuyanta dogo ne, yana kaiwa har wajen rabin bayanta, kuma bakinta yana da kaifi, saboda haka in za ka ɗauke ta ka riƙe ta can baya kusa da wutsiya, yara kuma kada su sa hannu.

A kogunanmu akwai iri fiye da ɗaya. Akwai mai 'yan marufan fata a ciki da take rufe ƙafafun baya da su, akwai kuma babbar, Trionyx triunguis, wadda ake samu har kogin Nilu, bayanta yakan kusa mita ɗaya. A ƙuruciya wanda bai saba ba ba zai bambance su ba. Fatar bayanta ba ta jure gogar siminti, ƙujewa kaɗan sai ta zama gyambo, tana buƙatar yashi mai laushi a ƙasa da ruwa mai tsabta fiye da na kowane kunkuru da muka ambata yau. Yawansu ma yana raguwa saboda kamu, shi ya sa a taron yarjejeniyar cinikin namun daji ta duniya, CITES, na 2016 a Johannasbag aka sa kififiyoyin Afirka cikin dabbobin da ba a fitar da su ƙetare sai da izini. Ka sa ta a roba da ɗan ruwa da jiƙaƙƙen buhu a sama, ka bi motar safe kafin rana ta yi zafi, ka mayar da ita Goronyo, can nesa da inda ake zuba taru.